Jinjina ga Ma'aikatan Rediyon Kaduna

A Disina, cikin ƙaramar hukumar Shira, rediyo kan riga hantsi isa gona. Manomi ya rataye ta a reshen maina, ya ɗaure murfin batir da igiyar roba, ya ja eriya har sai shuuu ɗin nan ya lafa, sannan ya kama fartanya.

Ma'aikatan Rediyon Najeriya Kaduna, gidan da aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, sun cancanci jinjina. Ba ƙaramin aiki ba ne cika yini guda da magana mai ma'ana: karatun Alƙur'ani da asuba, labarai, shirin manoma, sanarwar rasuwa da cigiya. Shirin Jakar Magori ya kwaso abin da ya faru a garuruwa, Hannu Da Yawa ya zaunar da manya a yi musu tambayoyin da talaka ba ya samun damar yi. Wasan kwaikwayon Samanja kuwa, sai da ya sa tsofaffi dariya har da hawaye.

Ni dai shirin gaishe-gaishe na Zaɓi Sonka na fi so. Tela a Azare ya aika kati, a ambaci sunansa da na abokansa goma, kasuwa ta kwana uku tana zancen. Mai gabatarwa bai taɓa taka Disina ba, amma ya iya faɗin sunan garin daidai.