Gasar tara awa ba ta dace da saman Jos ba

Wani yayi ya shigo wa masu ɗaukar hoton sararin samaniya don sha'awa, wato gasar awa. Mutum zai ɗora hoto a Facebook ya rubuta a ƙasa cewa awa 60 ya tara wa curin iskar gas guda ɗaya, sai a yi ta jinjina masa, ba mai tsayawa ya duba hoton. Ban ga dalilin da zai sa mu da ke Jos mu bi wannan ido rufe ba.

Gilashin tace haske da ake ɗaura wa kyamara siririn launi kawai yake bari ya wuce: jan hasken haidurojin a nanomita 656, na salfa a 672, ko shuɗi-shuɗin oksijin a 501. Shi ya sa ko daga saman bene a Ali Kazaure, inda fitilun sola da ƙwayayen masu shayi ke ci har tsakar dare, ana kama abin kirki. Sai dai hasken da ke shigowa ɗan kaɗan ne, dole a yi ta ɗauka ana tarawa kafin dusar da ke fuskar hoton ta kwanta.

To ga inda gizo ke saƙar. In kana son tsabtar hoto ta ninka sau biyu, lokacin sai ya ninka sau huɗu. Daga awa 1 zuwa 4 bambancin a fili yake. Amma wanda ya kai awa 16, sai ya kai 64 kafin ya sake ganin irin wannan riba. Ina za mu samo waɗannan darare? Daga Afrilu zuwa Oktoba hadari ya rufe sama, hunturu kuma ya zo da hazo mai watsa hasken gari ko'ina. Tsayin Jos na kimanin mita 1,200 yana taimaka mana, amma garau ɗin dare tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar ƙura ba shi da yawa. Asara ce a ƙarar da shi kan abu ɗaya, alhali curin Carina, wanda mutumin Landan ba ya gani sam, yana hawa mana kusan digiri 20 ta kudu.

Abin da ake ɗauka shi ke yanke hukunci. Curin Orion mai haske ne, awa 1 ko 2 sun wadatar, doguwar buɗewa ma ƙona cikinsa take yi ya koma fari fat. Oksijin shi ne mai cin lokaci, ba ya kuma jure farin wata kamar haidurojin, don haka a ware masa dararen duhu.

Gwajin sanin ko awannin da ka tara sun isa mai sauƙi ne. Tara rabin hotunanka a manhajar Siril, wadda kyauta ce, sannan ka tara duka, ka zuƙo gefen da ya fi dusashewa ka jera su. In sai ka ƙura ido kafin ka ga bambanci, ya isa, juya kyamararka wani wuri. Don Allah in za ku ɗora hoto, ku gaya mana kwanan wata da yanayin hazo a daren, ba yawan awa kaɗai ba.