Ma'aunin Tasirin Manazarci: Tsokaci a Kan Rubuce-rubucen Ibrahim Yaro Yahaya

1.0 Gabatarwa

A jami'o'inmu a yau ana auna manazarci ne da yawan maƙalun da ya buga a mujallun ƙetare, da kuma yawan waɗanda suka kafa hujja da shi a ma'adanai irin su Scopus da Google Scholar. Wannan tsokaci zai nuna cewa ma'aunin bai wadatar da mai tsara manhaja ba, ta hanyar duba ayyukan marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero, Kano, wanda ya rasu a 1995.

2.0 Inda Tasirin Yake

Mafi yawan abin da Yahaya ya wallafa da Hausa ne, kuma ɗalibi ya nufa da shi. Tun daga 1971 ya fara fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai 6, inda ya kwaso adabin baka daga dandali da ɗakin kaka ya shigar da shi aji. A 1988 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Hausa a Rubuce, wanda ya bi diddigin rubutun Hausa daga ajami zuwa boko, har da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da kafuwar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da wuya a sami kundin digiri a kan rubutaccen adabin Hausa da bai jingina da shi ba. Sai dai galibin kundayen nan suna jibge a ɗakunan karatu na sassa, ma'adanan intanet ba su ƙirga su. Ke nan ƙididdigar tana tauye wanda ya zaɓi yin rubutu da harshen gida.

3.0 Inda Giɓin Yake

Yabon gwani ya zama dole, amma akwai wurare biyu da ya kamata a yi hattara. Na farko, Hausa a Rubuce ya fi ƙarfi wajen tattarawa da jerantawa bisa ga feɗe matani, kuma ya fito kafin adabin kasuwar Kano ya tumbatsa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, alal misali, sai a 1991 ya bayyana. Malamin da ya tsaya a kansa kaɗai zai bar ɗalibai da tarihin da ya yanke shekaru sama da 30 da suka wuce.

Na biyu, littattafan tatsuniya sun ɗauka cewa yaro ya san Gizo da Ƙoƙi tun daga gida. A unguwa irin Bukan Sidi ta garin Lafiya, aji ɗaya kan haɗa 'ya'yan Eggon da Alago da Gwandara da Migili, waɗanda Hausarsu ta kasuwa da wasa ce. Irin wannan yaro yana bukatar bayanin kalmomi da na al'ada kafin ya ji daɗin labarin.

4.0 Kammalawa

Ana ba da shawarar kwamitocin ƙarin girma su riƙa ba littafin makaranta da aka rubuta da Hausa maki daidai da nauyinsa. Masu tsara manhaja kuwa su riƙe ayyukan Yahaya a matsayin tubali, su nemi a rubuta ci gaban tarihin daga 1988 zuwa yau, a kuma samar da jagoran malami domin masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu.