Rubutun Da Aka Sa Mutum: Sharhi A Kan Littattafan Karatu Na Hausa

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe a tsakanin masu tsara shirin ilmi, wai rubutun da hukuma ta sa a yi, aka yanka masa lokaci da lada, ba ya buƙatar basira, sai bin ƙa'ida kurum. A wannan maƙala za a auna ra'ayin nan, tare da sa yaron Bangi, cikin gundumar Madawa ta jihar Tawa, a matsayin ma'auni.

Tarihin rubutun boko da kansa ya ƙaryata ra'ayin. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1936 kuma aka ɗauko Abubakar Imam daga Midil ta Katsina zuwa Zariya domin ya rubuta wa makarantu littafin karatu, East ya tara masa littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Wato dai aikin sawa ne tsantsa, kayan ma na aro. Amma Imam bai fassara ba: ya tuɓe wa labaran tufafinsu, ya sa musu na Hausa, ya ɗora su a bakin aku, har yaro ya manta cewa darasi ake ba shi. Sai dai duniyar littafin ta fada ce, ta sarki da waziri da dogarai, talaka kuwa sau da yawa abin dariya ne. Ɗan manomin albasa zai ji daɗinsa, amma da wuya ya ga gidansu a ciki.

A Nijar hanyar ta bambanta. Bayan taron Bamako na 1966 an bi rubutu mai ninka wasali, kamar yadda sunan jaridar yaƙi da jahilci ta Madawa, Saabon Ra'ayii, yake nunawa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara wa yaro da Hausa, Faransanci ya shigo daga baya, hukumar INDRAP ta ɗauki nauyin kayan koyarwa. An sake daidaita ƙa'idojin rubutu a 1999. Duk wannan aiki ne na ƙwarai. Amma a ganina ƙarfinmu, mu masana harshe, ya ƙare a kan harafi, muka bar jimla ba mai kula da ita.

Mu dubi halin da marubucin littafin ajin farko yake ciki. An ƙayyade masa haruffan da yaro ya riga ya sani, an ƙayyade yawan kalmomi, ga kwamiti na jiransa. Idan darasin na harafin ƙ ne, abu mafi sauƙi shi ne ya rubuta, alal misali, cewa Ali ya ga ƙofa. Nahawu bai ɓaci ba, harafi ya fito, kwamiti ya sa hannu. To amma me ya faru da Ali ya ga ƙofar? Ba kome. Da ya ce ƙishirwa ta kai jaki bakin rijiya, ba guga, da harafin ya fito haka nan, yaro kuma ya so juya shafi ya ga yadda jaki ya ƙare. Bambancin jimlolin nan biyu ba na kuɗi ba ne, ba na lokaci ba. Na kunne ne. Na farko ya yi tunani da Faransanci ya sauke da Hausa, na biyu ya tuna da dandali. Takurawar ma ba uzuri ba ce, domin kacici-kacici da karin magana da salon magana duk cikin ƙuncin kalmomi suka ginu.

Daga nan sai batun kari, wanda ya fi nauyi ga mutanen Gobir da Adar. Yaro ya taso yana cewa munka tahi, halshe, biyat, wanga, ɗiya; littafi yana cewa muka tafi, harshe, biyar, wannan, ƴa. Ba na goyon bayan kowace gunduma ta buga nata littafi, don daidaitacciyar Hausa ita ce za ta buɗe masa abin da aka buga a Zariya da Kano da Yamai. Amma kuskure ne a sa masa jan biro a kan maganar uwarsa, alhali kuwa da wannan karin ne malaman Sakkwato suka rubuta da yawa daga waƙoƙinsu a ƙarni na 19. Mai ba da labari ya tsaya kan daidaitacce, tsohuwa da makiyayi da ɗan kasuwa su yi magana da bakinsu; a ƙasan shafi a jera kalmomin biyu gefe da gefe.

Kayan labari kuwa ga su nan zube. Ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska. Ga aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita da ya fara a 1984, wanda mata suka ɗauki kaso babba na jidar duwatsunsa. Ga ƴan cin rani da wasiƙunsu, ga Hausawa da Fulani da Buzaye a bakin rijiya ɗaya. Irin waɗannan sukan shiga littafi ne a matsayin wa'azin hukuma, a dasa itace, a tsabtace ruwa, ba tare da mutum ko ɗaya mai suna da buƙata ba.

A watan Maris na 2025 kundin mulkin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki, don haka buƙatar sababbin littattafai za ta ƙaru. Shawarata ga masu tsarawa ita ce, kafin a kai kowane daftari maɗaba'a, a ba malamin aji a Bangi ko Buza ya karanta shi da ƙarfi, wani ya zauna a baya da takarda yana rubuta layin da yara suka fara kallon taga.