Hannu ɗaya, maus ɗaya, nisa daban-daban

Ƙwararrun masu wasan harbi a kwamfuta suna da wata al'ada da ke ba baƙo mamaki. Kafin su fara wasa a sabuwar na'ura, sai su ɗauko rula su auna santimita nawa maus zai yi a kan tebur kafin kallon ɗan wasa ya yi cikakken zagaye. Ba su amince da lambar da ke cikin saiti ba, kuma suna da hujja.

Maus bai san santimita ba, ƙidaya kawai yake aikawa. Mai DPI 800 yana aika ɗigo 800 a kowane inci. A wasan Counter-Strike, idan kaifin motsi yana kan 1, kowane ɗigo yana juya kallo da digiri 0.022, wato cikakken zagaye na cin kusan santimita 52. Wannan lissafi yana tsayawa daram muddin babu wanda ya tsoma baki tsakanin maus da wasan. Sai dai babbar manhajar kwamfuta takan tsoma, kuma kowace da irin nata salon.

Tun zamanin Windows XP na 2001 akwai zaɓin nan mai suna Enhance pointer precision, wanda ke zuwa a kunne. Ka ja maus a hankali, kibiya ta taka kaɗan. Ka fizge shi a daidai wannan nisan, ta tsallake rabin allo. Ga mai aikin ofis wannan alheri ne, domin da ɗan fili yake isa ko'ina. Ga mai saita bindiga kuwa cikas ne, saboda hannu nisa yake haddacewa, kuma a lokacin firgici ba ya iya maimaita gudu ɗaya sau biyu. Ga kuma tsohon ma'aunin gudu mai daraja 11, wanda ta shida ce kaɗai ke barin ƙidayar maus yadda take. Wasu tsofaffin wasanni ma sukan sake kunna ƙarin gudun da kansu, abin da ya sa 'yan wasa suka daɗe suna yawo da gyaran MarkC, mai kashe ƙarin gudun, daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

Linux ta fi fito da abin fili. Manhajar libinput tana zuwa da tsarin da ke ƙara gudu, amma tana da wani shimfiɗaɗɗe da ba ya ƙara komai, kuma a 2023 ta ba mutum damar zana nasa ma'aunin. Apple ce ta yi jinkiri ƙwarai: sai a macOS Sonoma, a 2023, aka sa maɓallin kashe ƙarin gudu cikin saiti. Kafin nan sai da rubuta umarni ko sa wata manhaja irin LinearMouse.

A ganina masu tsine wa ƙarin gudu baki ɗaya sun wuce gona da iri. Gwanayen Quake da dama da shi suka yi suna, domin wasan na buƙatar juyi mai sauri da saiti mai natsuwa a lokaci guda. Bambancin shi ne su suka zaɓi ma'aunin, sun san lambobinsa, kuma yana cikin wasan, duk inda suka je yana biye da su. Abin da ke cutar da ɗan wasa shi ne ma'aunin da aka ɗora masa bai sani ba, wanda ke canzawa da zarar ya bar Windows ya koma Linux ko Mac.

Shi ya sa wasannin yau suke karɓar ƙidayar maus kai-tsaye, ba tare da ta bi ta hannun babbar manhaja ba. Counter-Strike 2, da ya fito a 2023, ya mayar da haka dole, har ya cire nasa ƙarin gudun. Wanda ya saba da ƙarin gudun yanzu sai ya nemi manhajar Raw Accel, ita kuwa a Windows kaɗai take aiki.