Fitila mai wayo a tsohon gida: a fara daga bango

Yayin da ake ciki yanzu a manyan garuruwanmu shi ne fitilar da ake kunnawa da wayar hannu. Mutum ya shiga shagon kayan wuta a Sabon Gari, ko ya leƙa shafin sayayya, ya ga ƙwan fitila mai canja launi, an ce masa har magana yana ji, ya sayi shida ya kai gida. Makon farko yara ba su da aiki sai mai da falo ja, su mai da shi shuɗi. Kafin wata ya zagayo sai ka tarar maigida ya manna salatif a kan makunnin bango, ya kafa doka kada wanda ya ƙara taɓa shi. A ganina tun daga sayen ƙwan aka saki hanya. Duk mai tsohon gida da ke son shiga wannan harka, makunni ya kamata ya fara canjawa.

Ƙwai mai wayo yana da 'yar ƙaramar na'ura a cikinsa da ke sauraron umarni, kuma ba ta sauraro sai da wuta a jikinta. Da zarar wani ya kashe makunnin bango, shi ke nan, ko za ka kwana kana latsa waya ba zai amsa ba. To a gidan Bahaushe wa za ka hana taɓa makunni? Ga uwargida, ga yara, ga Hajiya Babba da ta shekara hamsin tana kunna fitila da yatsanta, ga baƙon da ya sauka daga ƙauye zai kwana uku. Ba za a sa wa kowannensu manhaja a waya ba, wasu ma ba su da irin wayar. Idan kuwa wayon yana cikin makunni ne, Hajiya ta danna da hannu ya kama, kai ka danna daga waya ya kama, ba a shiga haƙƙin kowa ba.

Akwai kuma abin da masu ƙera waɗannan ƙwayaye ba su yi tunaninmu a kai ba. A Turai, idan wuta ta yanke wa ƙwai ta dawo, mafi kusa shi ne wani ya kashe makunni ya kunna, saboda haka aka tsara ƙwan ya kama da cikakken haske da zarar wuta ta shigo shi. Philips Hue ya fito a 2012, amma sai ƙarshen 2018 aka ba mai shi zaɓin abin da ƙwan zai yi bayan ɗaukewar wuta. Mu a nan ana iya kawo wuta ƙarfe uku na dare, ɗakunan gida duka su haske lokaci guda, jariri ya farka. Mafi muni, da yawa daga cikin masu arhar an yi su ne yadda idan aka kashe aka kunna sau uku ko biyar a jere, sai su manta da komai su koma kamar sababbi. Wutar da ke zuwa tana komawa, ko juya layi daga na gwamnati zuwa janareta da dawowa, ta isa ta yi wannan aikin ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Amma makunni ma yana da nasa ƙalubalen, kuma nan ne ya kamata a tsaya a fahimta kafin a fitar da kuɗi. Tsarin jan wayar da muka gada daga Ingila yakan kai waya mai wuta da wayar nutural zuwa silin, inda fitila take, sannan a sauko wa makunni da mai wutar kawai, wata kuma ta koma sama. Makunnin gargajiya ba ya buƙatar fiye da haka, tunda aikinsa haɗawa da rabawa ne. Mai wayo kuwa yana son ya ci tasa 'yar wutar ko da fitila a kashe take, kuma hakan na buƙatar nutural, wadda a yawancin tsofaffin gidaje babu ita a bango. Hanyoyi uku ake bi. Idan an ja wayar cikin bututu kuma bai toshe ba, mai gyaran wuta zai iya zaro sabuwa zuwa makunnin, wannan ya fi komai tsafta. Idan ba hali, akwai 'yan ƙananan na'urori irin na Shelly na Bulgeriya da Sonoff na China da ake ɓoyewa a silin kusa da fitila, inda nutural take, tsohon makunni ya ci gaba da aikinsa. Ta uku ita ce makunnin da ba ya buƙatar nutural, wanda ke satar wuta kaɗan ta cikin ƙwan kansa. Yana aiki, sai dai ƙananan ƙwayayen LED sukan riƙa ƙyaftawa ko su ƙi mutuwa gaba ɗaya, sai an liƙa musu kapasita. A duba zurfin ramin makunnin ma, don na da ba su cika zurfi ba, sabon kuwa yana da ƙaton baya.

Wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba na wanda ya kalli bidiyo a YouTube ba, balle a gidan da ke da inbata, inda ake kashe babban makunni amma waya tana nan da wutarta. Kuma idan ɗan'uwa zai aiko da kaya daga Amurka, a tuna nasu wutar bolt 120 ce, tamu 230.

Sai batun intanet, wanda ni ya fi damuna. Yawancin masu arha da ke aiki da Wi-Fi, idan ka latsa waya, saƙon sai ya tafi wata kwamfutar kamfani a ƙetare kafin ya dawo ga fitilar da ke saman kanka. Data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, an tsaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Kamfanin ma yana iya rufewa: a 2016 Nest ya kashe na'urar Revolv da mutane suka saya da kuɗinsu, a Afrilun 2022 kuma masu amfani da Insteon a Amurka suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, ba sanarwa, sai daga baya wasu suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Shi ya sa na fi karkata ga kayan Zigbee, waɗanda ke magana da wani ɗan akwati a cikin gida, kuma yawancin na'urorin da ke jone da wuta suna miƙa saƙo ga na gaba, abin da ke taimakawa a gidan bulo mai kaurin bango. Akwatin a jona shi a layin inbata. Tsarin Matter da Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya ya fito a ƙarshen 2022, shi ma yana aiki ba intanet, kuma ganin tambarinsa a kwali alama ce mai kyau. Masu son ƙwaƙwale abu suna da manhajar Home Assistant, kyauta ce, amma tana cin lokaci.

Masu talla suna yawan cewa za a rage kuɗin wuta. A cikin ɗaki, ragin ba wani abu ba ne, ƙwan LED mai wat tara nawa yake ci? Ita kanta na'urar tana shan kusan rabin wat dare da rana. Inda kuɗin yake shi ne fitilar waje. Babbar fitila mai wat 50 da aka manta a kunne awa 12 na rana tana cin yunit 18 a wata, kuma a farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, sama da naira 4,000 ke nan a banza, ga fitila ɗaya tak. Maganinta ba ya buƙatar waya ko manhaja, 'yar na'urar da ke gane duhu ce, ta kunna da magariba ta kashe da safe. Tun kafin makunnin bango ma, da ita zan ce kowa ya fara.

Bayanta sai mai jin motsi a zaure da hanyar banɗaki, don mai tashi alwalar asuba kada ya yi laluben bango. A san dai cewa zafin jiki take ganowa, saboda haka a watan Afrilu, lokacin da iska ta kai zafin jikin mutum, takan yi nauyin ji, sannan a tsakar gida kyanwa da akuya ma suna kunna ta. Ɗakin kwana da falo su jira. A bar mai gane duhu da mai jin motsi su ga bazara, su ga damina da tsawarta, a sa na'urar kare kaya daga bugun wuta a akwatin fis kafin ruwan farko. Abin da ya kai kaka da ransa, irinsa za a ƙaro wa sauran ɗakuna.