Ginin "Komai" a Karin Maganar Haƙuri

Karin maganar haƙuri da juriya tana cikin waɗanda suka fi yawa a bakin Bahaushe, kuma tana shan suka a wannan zamani. An daɗe ana tattara ta tare da sauran 'yan uwanta. Merrick ya buga kundinsa a 1905, Whitting a 1940, Kirk-Greene ya fitar da Hausa Ba Dabo Ba Ne mai karin magana 500 a 1966, daga baya Yusufu Yunusa ya zo da Hausa a Dunƙule. Tattarawa kam an yi. Duba yadda aka gina ta ne ya yi ƙaranci, shi ya sa masu cewa wai tana koya wa talaka naɗe hannu suke samun masu sauraro. Hukuncinsu na wanda ya ji rabin zance ne.

Ginin da ya fi nuna gwanintar wannan rukuni shi ne mai farawa da "komai": komai nisan dare gari zai waye, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, komai zurfin ruwa da yashi a ciki. Kowacce gaɓa biyu ce. Ta farko tana sakar wa wahala linzami ta kai iyakar girmanta, ba ta rage mata ko ƙanƙani, ba ta kuma ce wa mai ciwo ciwonsa ƙarami ne. Da ta yi haka da ya toshe kunne. Ta biyu kuwa tana kawo abin da ba mai iya musunsa, domin kowa ya ga wayewar gari, kowa ya ga dutsen da aka jefa ya dawo ƙasa. Ba a yi wa mutum alkawarin dukiya ko sarauta ba, an dai tuna masa cewa kowane tsanani yana da iyaka. Kuma ba a faɗi yaushe ba, wanda nan ne gaskiyar maganar take, don mai saka rana boka ne.

Sai a dubi aikatau a sauran karin maganganun haƙuri. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romo: dafawa aiki ne, akwai neman itace da iza wuta. Sannu ba ta hana zuwa: wanda ake gaya wa yana kan hanya. Mai nema yana tare da samu. Da ƙyar a sami ɗaya a cikinsu da ta yabi zama, ga kuma wadda ta fito fili ta ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Asalin wannan haƙuri na manomi ne. A ƙasar Fagam da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, a kudancin Jigawa, manomin da ya yi binne yana zuba irinsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan ya zo ya ɗauke bayan tsiro, shukar ta ƙone, sai ya nemi wani iri ya sake shukawa, ga noman firi da maimai suna jiransa kafin gero ya kai rumbu. Wanda ya ce masa "sai haƙuri" a bakin gona ya san da asuba zai gan shi da fartanya a kafaɗa.

Gaskiya ne akan karkatar da karin maganar haƙuri. Matar da ta yi yaji saboda duka, aka mayar da ita ɗakinta da "mahaƙurci mawadaci" ba tare da an tsawata wa mijin ba, an zalunce ta. Laifin na masu bikon ne, domin harshen da ya yabi haƙuri shi ne ya ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Mai son yanke wa wannan rukuni hukunci sai ya haɗa su duka ya karanta.