Wa Ya Yi Dajin Maraɗi? Sharhi a kan littafin wani ɗan mishan



Littafin da za mu duba a wannan fitowa ba da Hausa aka rubuta shi ba, kuma mai shi ba Musulmi ba ne. Amma abin da ke cikinsa labarin gonakin Hausawa ne, gonakin iyayen yaran nan 'yan Maraɗi da Tasawa da ke sayar mana da shayi da ruwa, suna ɗinkin takalma a bakin masallatanmu. Sunansa The Forest Underground, wato dajin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ya fito a 2022, marubucinsa kuwa Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, wanda ya karanci aikin gona a ƙasarsu sannan ƙungiyar mishan ta SIM ta kawo shi Nijar a 1981, shi da matarsa, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Bai bar ƙasar ba sai a 1999.

SIM ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ita ce ta haifi cocin ECWA a Najeriya, ita ce mai asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, wanda har mutanen Sakkwato da Illela suke tsallakawa su je. A Nijar tun 1924 take. Saboda haka Rinaudo gida ya tarar a kafe, aikin da aka ba shi kuma shi ne dashen itatuwa a ƙauyukan Maraɗi.

Nan ne littafin ya fara burge ni, don mutumin bai ɓoye cewa aikin ya faskara ba. A rena iri a leda, a yi ta ban ruwa, a loda a mota a kai ƙauye a dasa, kafin shekara ta zagayo awaki sun cinye, gara ta ci, iska mai rairayi ta binne sauran. Mafi yawan dashen mutuwa yake yi. Manoma kuma ba su damu ba, don ba su suka roƙa ba. Duk wanda ya taɓa ganin bikin dashen itace na gwamnati a jihohinmu, a zo da 'yan jarida a dasa a watse, ya san wannan hoton. Ba kasafai ma'aikacin ƙungiyar agaji yake yarda ya rubuta cewa kuɗin da aka tara masa a coci-coci ya tafi a banza ba.

A 1983, yana kan hanya da lodin dashe, ya tsaya ya rage iskar taya saboda yashi. Ya ce a lokacin ya yi addu'a, yana gab da fid da rai. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda kullum yake wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe itace ne, toho ne daga kututturen da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Kuma irinsu ba iyaka a kowace gona. Duk shekara lokacin sassabe manomi zai bi da adda ya sheme su ya cinna wuta, duk shekara su sake tohowa. To me zai hana a bar su? A zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a kowane kututture, a cire sauran, a rage ƙananan rassan gindi, a kare su daga dabba da gatari. Tunda saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ruwanta da ban ruwa, cikin 'yan shekaru sabara da kalgo da magarya sun fi mutum tsawo. A Nijar ana ce wa wannan sassaben zamani. Kayan aikinsa wuƙa ce ko lauje, shi ke nan.

Sakamakon ba ƙarami ba ne. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, irin su Gray Tappan da Chris Reij, sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 na gonakin kudancin Nijar sun sake samun itatuwa, kimanin itace miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Wannan duk gaskiya ne, kuma ban zo in rage wa mutumin ladan aikinsa ba. Wanda ya bar ƙasarsu ya zauna shekara goma sha bakwai da ɗoriya a Maraɗi, ya koyi Hausa har yana zama a tabarma ana gardama da shi, ya jure ana ce masa mahaukacin Bature, ai ya biya kuɗin bakinsa. Amma akwai inda nake da ja.

Ja na farko a kan yadda labarin ya zauna ne. Littafin tarihin rayuwar mutum ne, dole mai shi ya kasance a tsakiya, ban ga laifin wannan ba. Shi kansa ma yakan faɗa cewa ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, tsohuwar al'ada ce. Sai dai da labarin ya bar hannunsa ya shiga hannun masu talla, wannan magana ta ɓace. Fim ɗin da Bajamushen nan Volker Schlöndorff ya yi a kansa, sunan da ya sa masa ma'anarsa "mai yin daji". Mutum guda fa! Alhali babban yanki na wannan daji yana ƙasar Damagaram, a Magarya da Matamaye da Mirya, inda itacen da ya cika gonaki gawo ne, kuma manoman can ba su jira aikin SIM na Maraɗi ba. Wane Bahaushe ne za a koya wa darajar gawo? Itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani dabbobi su fake a inuwarsa su bar taki, 'ya'yansa kuma abincin tumaki. Har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya sa wa mai saran gawo a ƙarni na 19. Ilimin yana nan tun kafin a haifi kakan Rinaudo.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce, me ya sa mutanen da suka san wannan suka koma suna aske gonakinsu tas? Amsar tana cikin doka. Dokar gandun daji ta Faransa ta 1935 ta mai da itatuwa mallakar hukuma, kuma bayan samun 'yanci gwamnati ta ci gaba a kan haka. Manomi ya sare reshen gawo a gonar da ya gada wajen ubansa, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To wa zai rena abin da ba nasa ba, wanda in ya girma zai jawo masa ɗan sanda? Gara ya kashe shi tun yana toho. Ga kuma malaman gona na wancan zamani da suka yi ta koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka tumɓuke komai don gyaɗa da garmar shanu. A ganina, abu mafi amfani da Rinaudo ya yi ba ganin kututture ba ne. Shi ne da ya lallashi ma'aikatan gandun daji na yankin suka yarda wanda ya rena itace a gonarsa ya ci moriyarsa ba tare da tara ba. Daga baya dokokin ƙasar suka biyo sahu, har dokar daji ta 2004. Wannan aikin bin ofis ne, ba ya daɗin ba da labari kamar addu'a a bakin hanya, shi ya sa masu yaɗa labarin suke tsallake shi. Amma in ka cire shi, da yawan tohon nan da har yau wuta yake ci.

Ja na biyu ya fi nauyi. Abin bai bazu ba sai da yunwa ta zo, yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi. Dattawanmu na nan Sabo da suka karɓi baƙi a wancan lokaci ba su manta ba. SIM ta raba hatsi a ƙauyuka wajen ɗari bisa tsarin aiki a ba ka abinci, kuma cikin aikin har da barin itatuwa a gona. Aka bar itace kusan rabin miliyan. Da aka samu damina aka daina rabo, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su. Rinaudo da kansa yake ba da wannan lissafi, kuma yana ganin ribar tana wajen ragowar da suka ga amfanin suka riƙe, maƙwabta suka kwaikwaya. Haka ne, ta nan abin ya yaɗu. Amma ni ina so mai karatu ya daɗe a kan wannan wuri fiye da yadda ake daɗewa. Mutumin da 'ya'yansa ke kuka da yunwa, ka ce masa ga buhu amma ga sharaɗi, bai zaɓa ba, ya miƙa wuya ne. A wannan karon sharaɗin ya zama alheri. Sai dai ƙofar da alherin ya bi ita ce ƙofar da wani zai iya bi da abin da ba alheri ba, kuma ita ce ainihin abin da ya sa mutanenmu suke ɗari-ɗari da agajin mishan tun zamanin asibitocin kutare.

Tunda mun zo nan, bari a faɗe ta a fili, don na san wani zai tare ni a bakin kasuwa ya ce, Malam, kai ma ka koma tallar 'yan mishan? Rinaudo bai ɓoye addininsa ba. Littafin cike yake da shi, har lambar littafin Kirista na shekara ya ci a Ostireliya. Ƙungiyar da ta turo shi kuwa an kafa ta ne don yaɗa bishara, ba don gero ba. Wanda ya ce babu wannan niyya bai faɗi gaskiya ba. Amma a duba abin da ya faru a ƙasa. Shekara ɗari SIM tana Nijar, Kiristocin ƙasar har yau 'yan kaɗan ne ƙwarai, manoman da suka rungumi sassaben zamani kuwa suna nan suna sallarsu a inuwar itatuwan da suka rena. Sun ɗauki abin da zai amfane su, sun bar wa mai shi sauran. Ni ban ga inda suka yi asara ba. 'Yan uwanmu Hausawa Kiristoci da muke zaune da su a unguwar nan su ma suna da damar yin alfahari da aikin, ba mai hana su.

Abin da ya fi ci mini rai bai shafi Rinaudo ba. Coci-cocin wasu ƙananan garuruwa a can ƙarshen duniya suka yi karo-karo suka ɗauki nauyin saurayi masanin gona shekara da shekaru a ƙauyen da ba su taɓa gani ba. Mu nan, Alhazan goro da na shanu da na tumatir, Allah ya buɗa mana. Masallaci muna ginawa, kujerar Makka muna rabawa, azumi ya zo a yi rabon shinkafa, Allah ya karɓa. Amma a nuna mini ƙungiya guda ta mazauna kudu da ta ɗauki yaro ɗaya da ya gama karatun aikin gona ta ce masa, koma garinmu ka zauna da manoma shekara biyar, albashinka a wuyanmu. Malamai kullum suna karanta mana falalar wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ya ci. Muna cewa Allahu akbar, mu tashi, a ɗora tukunya a kan gawayin da aka toyo daga dazukan Oke-Ogun, wanda wasu daga cikinmu ne dillalansa.

Sannan batun matasa. Masu tallar wannan dabara suna son nuna cewa in itace ya dawo, samari za su zauna gida. Ku leƙa tashar Sabo ko Bodija bayan kaka ku ƙirga 'yan ci-rani daga Maraɗin nan da aka ce ta yi kore. Itace yana ba da makamashi, mata sun huta da tafiya mai nisa neman kara da kashin shanu, yana ba da harawa, yana tare iska kada ta binne shuka, in fari ya zo a sayar da ice a sayi hatsi. Wannan ba wasa ba ne. Amma gonar da uba ya bari 'ya'ya takwas suka raba, ko gawo ɗari ka sa mata ba za ta yi wa saurayi kuɗin aure ba. Akwai kuma maganar Fulani makiyaya, da su ma suke buƙatar rassan nan da rani. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye sai da aka kafa kwamitin gari, aka sa mata da makiyaya a ciki, kafin sara da dare ya lafa. Wanda zai kai dabarar Katsina ko Jigawa ya fara da wannan zama kafin ya wasa lauje.

Turancin littafin mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai iya bi. Babin ƙuruciyarsa a Ostireliya da na yawonsa daga baya da ƙungiyar World Vision, zuwa Humbo ta Habasha da arewacin Gana, ana iya bi da sauri. Naman yana shekarun Maraɗi. Babban naƙasunsa shi ne waɗanda aka yi labarin a gonakinsu ba za su iya karanta shi ba, alhali mai shi yana jin Hausa. Malaman makarantun dare na unguwar nan, wanda ya samu kwafe ya karanta wa ɗalibai shekarun 1983 zuwa 1985 yana fassarawa, ya tabbatar akwai 'yan Maraɗi a ajin, sannan ya tambaye su ko haka iyayensu suke ba da labarin.